Yanda zaka yi bilidin ɗin kulocin motarka a gida da kanka

Duk mai tuƙa mota manuwal in dai ya daɗe da ita watarana sai ya gamu da wannan, ka shiga mota ka taka kuloci kaji fedar ta tafi laƙwas kamar ka taka soso, ka nemi giya ta ɗaya taƙi shiga sai da kokawa, ka nemi ribas tayi maka wani garrr har hanjinka ya kaɗa. Wani kuma sai ya famfa fedar sau huɗu biyar sannan giya ta yarda, wani fedar ma manne wa take a ƙasa sai ya sa ƙafa ya ɗago ta. Daga nan hankali ya tashi a fara lissafin sauke giyabos, alhali sau da yawa iska ce kawai ta shiga layin man kuloci, kuma fitar da ita aiki ne da mutum biyu zasu gama cikin rabin awa zuwa awa ɗaya in komai ya tafi daidai. Shi ne makanikai suke cewa bilidin.

Kafin ka ɗauki sifana ina so ka gane yanda abun yake aiki, don wallahi in ka gane shi rabin aikin ya ƙare. A bayan fedar kuloci akwai wata 'yar silinda mai fistin a ciki, ita ake kira masta ko kulocin sama. A jikin giyabos kuma akwai 'yar uwarta, silef ko kulocin ƙasa. Bututu ne ya haɗa su, cike da man birki. In ka taka feda, fistin na sama ya tura mai, man ya bi bututu ya tura fistin na ƙasa, shi kuma ya tura fok, wato ƙarfen da yake danna boris, su danne farantin da yake matse dis, wato faifan da ke haɗa inji da giyabos, faranti ya saki dis, inji ya rabu da giyabos kenan sai giya ta shiga salin alin. Dalilin da yasa wannan yake yiwuwa shi ne ruwa baya matsuwa, duk ƙarfin da ka sa masa a wannan ɓangaren zai kai shi ɗaya ɓangaren, ka'idar da Blaise Pascal ɗan Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17. Iska kuwa matsuwa take. To in kumfa ta shiga tsakani, takun da kayi a kan matse kumfar zai ƙare, fistin na ƙasa ya motsa rabi ko ma ƙasa da haka, dis bai saki gaba ɗaya ba, shi yasa giya take ƙara.

Abu na biyu, kuma shi nake so ka riƙe har ƙarshen aikin: iska sama take nema. Duk inda bututu yayi tudu ko lanƙwasa ta sama, can kumfa zata je ta laɓe. Mu kuma a bilidin na yau da kullum ƙasa muke korar ta, wato muna tilasta mata tabi hanyar da bata so. Shi yasa kuloci yafi birki gardama wajen bilidin, kuma shi yasa wata motar sai an canza dabara.

Fara tabbatar da abu biyu

Na farko, motarka ta mai ce ko ta kebul? Tsofaffin motoci da wasu ƙanana kebul ne yake jan fok, waɗannan babu wani bilidin a kansu, sai dai a gyara tsayin kebul ɗin ko a canza. Buɗe bonet ka duba jikin bangon da ya raba inji da ɗakin direba, daidai saitin fedar kuloci. In kaga 'yar silinda da bututu ya fito daga jikinta to ta mai ce.

Na biyu, ta ina iskar ta shiga? Layin nan a rufe yake ruf, iska bata shiga haka siddan. Ko dai an buɗe layin an canza wani abu, ko mai ya ragu a kofin da ake zuba shi a cikin bonet har ya zuƙi iska, ko kuma wata roba ta gaji. In mai ya ragu to wani wuri ya bi. Ɗauki tocila ka kwanta ka leƙa saman feda inda sandar masta ta shigo, ka shafa da yatsa, in akwai danshi ko kaga fenti ya tashi a wajen ko kafet ya jiƙe, masta ce ke yoyo. Ka je wajen silef ka ɗan janye robar da ta rufe bakinta, in mai ya zubo ta mutu. Ka bi bututun da ido musamman inda ƙarfe ya haɗu da tiyon roba. Sannan ka duba ƙasan inda giyabos ya haɗu da inji, in man birki na ɗiga daga can to silef ɗin cikin gida ce ke zuba, zanyi magana a kanta can gaba. In ka samu yoyo ka gyara shi tukunna, in ba haka ba zakayi bilidin yau kuloci yayi kyau, jibi ka dawo gidan jiya.

Maganar mai

Nan ne mutane suke yiwa kansu ɓarna mafi tsada, don haka zan ɗan tsaya. Yawancin motoci man birki suke sha a kuloci, kuma a kan murfin kofin an rubuta irin wanda ake so, DOT 3 ko DOT 4 galibi. Wannan DOT ɗin sunan ma'aikatar sufuri ta Amurka ne a taƙaice, ita ta tsara ma'aunin. Sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salsiyas ba, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma 260. Waɗannan ukun dangi ɗaya ne suna iya haɗuwa, amma motar da aka ce DOT 4 kar ka mayar da ita DOT 3. Shi kuma DOT 5 mara ɗigo ɗaya a gaba wani jinsi ne daban, da silikon aka yi shi, launinsa shunayya, baya gauraya da sauran, kar sunan ya ruɗe ka. Akwai kuma wasu tsofaffin Citroën masu amfani da wani koren mai da ake kira LHM, su ma man birki na yau da kullum yana lalata musu robobi. Abinda murfi ko littafin motar ya ce shi zaka saya, shikenan.

Kuma dan Allah kar baƙin mai ko man giya ko man sitiyari ko fetur ya kusanci kofin nan, ko da ɗan ragowar da ke jikin mazurari ne ko tsumma. Robobin ciki kumbura suke in sun taɓa man fetur da danginsa, daga nan sai ka canza masta da silef da tiyo gaba ɗaya.

Ka sayi sabuwar gora a rufe da hatiminta. Man birki yana shan danshin iska, gorar da aka buɗe aka ajiye shekara guda ta riga ta sha ruwa, kuma in ruwa ya kai kusan kashi 3.7 cikin ɗari DOT 4 ɗin da yake kai 230 sai ya dawo wajen 155, ga tsatsa da ruwan yake haifarwa a cikin silinda. Shi yasa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a canza shi duk shekara biyu, amma kusan kowa birki yake tunawa ya manta kuloci, sai kaga man kuloci ya koma baƙi wuluk kamar ruwan kwata. Rabin lita zai isa aikin, in da hali ka ajiye gora ta biyu a rufe ko da wani abu zai taso.

Sauran kayan ba su da yawa. Rin sifana daidai da nifil ɗinka, wato ɗan notin fitar da iska a jikin silef, yawanci lamba 8 ne ko 10, wasu 7 ko 11. Tiyo siriri garai-garai wanda ake ganin cikinsa, tsawon kamar rabin mita, ya zama ya kama kan nifil tam. Gora mai tsabta busasshiya. Babban sirinji sabo. Tsummoki, safar hannu, tabarau na kare ido, bokitin ruwa a gefe, da man feshin nan mai sassauta tsatsa. Sai mutum ɗaya mai haƙuri wanda zai ji magana, ko ƙaninka ko matarka ko babban ɗanka, ba sai ya iya tuƙi ba.

Shirya motar

Ajiye ta a wuri mai shimfiɗe, inji a kashe kuma ya huce don silef sau da yawa kusa take da salansa, giya a firi, hambirki a ja, ka sa waigi a taya. In zaka iya kaiwa ga silef ta sama daga cikin bonet to ka huta, wata motar sai ka cire akwatin iya-kilina ko batir sannan hannu ya shiga. In kuwa sai ta ƙasa, ka ɗaga motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfen da aka yi domin haka. Kar ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, ko na minti ɗaya ne, jak yana saki ba tare da sanarwa ba kuma ga mutum a ciki yana motsa motar da taka feda.

Goge murfin kofi da kewayensa kafin ka buɗe, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yanka roba. Shimfiɗa tsumma a kewaye saboda man birki yana cin fenti, in ya ɗiga a jikin mota kar ka tsaya gogewa, sheƙa masa ruwa nan take. Sa sirinji ka zuƙe tsohon man da ke kofi amma ka bar ɗan kaɗan ya rufe ramin ƙasa, sannan ka cika da sabo har layin sama. Amfanin wannan shi ne ba zaka tura dattin kofi ya bi ta cikin silindu ba.

Yanzu nemo nifil a jikin silef, wani ɗan ƙaramin noti ne mai tsini da rami a tsakiya, galibi da 'yar hular roba a kansa. Cire hular ka ajiye inda ba zata ɓata ba, ka goge, ka fesa masa man tsatsa ka bashi minti goma. Wannan ɗan abun rami ne a cikinsa don haka bashi da ƙarfi, in ya cije kar ka haɗa shi da ƙarfin tuwo, ka ɗan ƙwanƙwasa kansa a hankali, ka gwada ɗaurewa ɗan mitsitsi sannan ka kwance, ka sake fesawa ka jira. In ya karye a ciki aikin rabin awa ya koma sayen sabuwar silef. Da ya motsa sai ka mayar ka rufe. Zura rin sifanar a kansa tukunna sannan ka cusa tiyo, ɗaya bakin tiyon ya nutse cikin ɗan sabon mai da ka zuba a gindin gora, don in an samu kuskure mai zai zuƙo maimakon iska. In tiyon ya ɗan hau sama daga nifil kafin ya gangara cikin gora yafi, kumfa zata gudu daga bakin nifil ɗin da kanta.

Ainihin aikin

Mataimakinka ya zauna a kujerar direba ya sauke gilas don kuji juna, ku yi yarjejeniya cewa ba zai motsa ƙafa ba sai ka faɗa, kuma duk abinda yayi sai ya faɗa da baki.

Kace masa taka. Ya taka a hankali har ƙasa, kamar yana ƙirga ɗaya biyu uku, ya ce na taka. Kace riƙe. Sai ka buɗe nifil kwata ɗin zagaye, in yayi yawa rabi, zakaga mai ya fito cikin tiyo da kumfa, wani lokacin har da tsartuwa da ƙara fuss. Da gudun man ya tsaya sai ka rufe nifil. Bayan ka rufe, sai kace ɗago. Ya ɗago a hankali har sama ya ce na ɗago, ku jira kamar daƙiƙa biyar masta ta sake cika daga kofi, sannan ku maimaita.

Ka lura da jerin nan da kyau, a rufe nifil kafin feda ta taso. In ya ɗaga ƙafa nifil na buɗe, fistin na sama zai zuƙo iska ta bakin nifil da gefen zarensa, duk abinda kuka fitar ya koma. Mafi yawan waɗanda suke cewa sun yi bilidin awa biyu ba canji nan suke zamewa, mai taka feda ya gaji ya fara gaba da umarni.

Wani abu da zai baka mamaki a karon farko shi ne fedar ba zata dawo ba bayan ka buɗe nifil, zata kwanta a ƙasa. Ba komai bane, ƙarfin faranti ne yake dawo da feda ta hanyar man, yanzu kuwa kun zubar da matsin, ga kuma sifirin ɗin taimako da wasu motoci suke dashi wanda yake riƙe ta a ƙasa. Mataimaki ya sa hannu ko bayan ƙafa ya ɗago ta sannu a hankali. Kar ya fizge ta, fizga tana sa roba ta zuƙi iska ta baya. Haka nan ni bana son famfon nan na sauri da wasu suke yi, fat fat fat sau goma kafin a riƙe. Babbar kumfa ɗaya tafi sauƙin kora, in ka kaɗa ta ta farfashe ta zama ƙananan kumfa dubu sai ka jira sun sake haɗuwa. In kaga man ya koma fari-fari kamar an kaɗa sabulu, ku tsaya ku huta minti goma sha biyar.

Bayan kowane taku uku, tashi ka duba kofi. Kar ka yi ƙiwar wannan. Kofin kuloci a motoci irin su Honda Civic da tsofaffin Hilux ɗan ƙarami ne, taku kaɗan ya ƙare, in ya ƙafe ya zuƙi iska ta sama kun koma farko, harma yafi farkon muni don yanzu iskar a cikin masta take. Wasu motocin kuma irin Volkswagen Golf da Ford Focus kofi ɗaya kuloci yake sha da birki, kuma da gangan aka sa bakin tiyon kuloci can sama a gefen kofin domin in kuloci yayi yoyo kar ya shanye man birki ya bar ka ba birki. To ka ga matsalar, kana kallon kofi da mai fiye da rabi kana ganin lafiya, alhali ya riga ya sauka ƙasa da bakin kuloci, iska kawai yake zuƙa. Na taɓa ɓata yamma guda a kan irin wannan motar, kumfa taƙi ƙarewa har na fara zargin sabuwar mastar da aka saka, sai da na haska tocila ta bayan kofin naga inda tiyon yake. A irin waɗannan ka riƙe man dab da baki duk tsawon aikin, in an gama ka zuƙe rarar.

Ku cigaba har man da ke fitowa ya zama garau kalar sabo, ba kumfa ko ɗaya sau uku huɗu a jere. Yawanci tsakanin taku goma zuwa ashirin an kai nan. Ana cikin yi ka riƙa ɗan ƙwanƙwasa jikin silef da bututun da gindin sukudireba don kumfar da ta manne ta saki. A na ƙarshe ka rufe nifil tun man yana cikin gudu, ka ɗaure shi daidai misali da 'yar ƙaramar sifana a tafin hannu, tsininsa ne yake toshe ramin ba ƙarfin ɗauri ba. Cire tiyo, wanke wajen da ruwa, mayar da hular roba, daidaita mai tsakanin layin ƙasa da na sama, rufe kofi.

Gwaji

Tun inji na kashe taka fedar sau goma a hankali. Ya kamata ka ji ɗan wasa kaɗan a sama, daga nan nauyi ya fara kuma ya tafi bai ɗaya, ta dawo da kanta. In silef ɗinka ta waje ce ka kalli sandarta mataimaki na takawa, ta fara motsi kusan tare da feda, a motoci da yawa tafiyarta ta ɗan haura santimita ɗaya. Sannan sauke motar, tada inji a firi, taka kuloci har ƙasa, ƙirga uku, ka sa ribas. Ribas ce alƙali saboda a motoci da yawa bata da zoben da yake daidaita gudun haƙora kamar sauran giyoyi, in dis bai saki sosai ba ita zata fara tona asiri. In ta shiga shiru, sa giya ta ɗaya ka ɗago ƙafa sannu ka ji inda kuloci yake kamawa, wajen tsakiyar tafiyar feda ake so. In yana kamawa dab da ƙasa har yanzu da sauran iska. In motarka mai kofi ɗaya ce ka taka birki ma ka tabbatar da tauri kafin ka fita titi.

In iskar tayi taurin kai

To nan ne maganar da nace ka riƙe zata yi amfani. Tunda sama take so, a bar ta ta tafi sama. Wannan ita ce dabarar da nafi yarda da ita, kuma mutum ɗaya ma zai iya. Rage man kofi ya dawo ƙasa sosai, feda tana sama gaba ɗaya ba wanda ya taɓa ta. Cika sirinji da sabon mai, haɗa shi da tiyo, ɗaga bakin sama ka tura har mai ya cika tiyon ba kumfa ko ɗaya, sannan ka cusa a kan nifil. Buɗe nifil ka tura man a hankali, sannu sannu kamar mai yin allura. Man zai hau bututu ya kwashi kumfa ya fito da ita ta cikin kofi, in akwai mai kallo zai ga tana ɓulɓulowa. Rufe nifil kafin sirinji ya ƙare, duba kofi kar ya tumbatsa a kan fenti, zuƙe rara da wani sirinjin daban, ka maimaita sau biyu ko uku. In ka tura kaji tauri, man ya ƙi tafiya, kar ka danna da ƙarfi tiyo ya fizge ya watsa maka a ido. Galibi feda ce bata dawo har ƙarshe ba, ko an ƙara tsawon sandar masta fiye da kima har fistin ya rufe ɗan ramin da ya haɗa silinda da kofi. Wannan ramin in a toshe yake babu irin bilidin ɗin da zai yi aiki. Kuma kafin kayi wannan dabarar ka tabbata ka riga ka wanke layin da sabon mai ta hanyar farko, kar ka tura dattin silef sama.

Akwai hanyar barin mai ya ɗiga da kansa, ka buɗe nifil da murfin kofi ka zauna kana ƙara mai, tana aiki a motar da bututunta ya gangara kai tsaye, amma in yana da tudu a hanya bata kora komai. Akwai na'urar da ake ɗaurawa a bakin kofi ta tura mai da matsi, tana da kyau ƙwarai musamman ga motocin Turai, sai dai kar ka wuce matsin da littafin motar ya faɗa, galibi tsakanin 1 zuwa 2 ne a ma'aunin matsi na bar, kofin roba yana fashewa. Na'urar da take zuƙo mai ta nifil kuma tana yawan jawo iska ta gefen zare, sai kayi ta ganin kumfa a tiyo alhali layin ya riga ya tsarkaka.

Wata silef ɗin yanda aka ɗaura ta nifil baya zama a can ƙololuwa, wata ma bata da nifil sam. Irin wannan sai ka kwance ta daga jikin giyabos ba tare da ka cire bututu ba, ka karkata ta yanda bakin bututu zai kalli sama, ka tura sandarta ciki da hannu a hankali har ƙarshe, ka bari ta dawo a hankali, sau goma zuwa goma sha biyar, kumfa zata haura kofi. Amma ka gargaɗi kowa kar a taka feda silef na kwance, ba abinda zai tare fistin, zai yi tsalle ya fito mai ya zube. Haka in sabuwar masta ka saka, ka cika ta da mai ka fitar mata da iska a hannu kafin ka ɗaura, don wasu a karkace suke zama a jikin mota iska ta taru a ƙarshen da ba mafita, tsofaffin Ford Ranger na Amurka sun yi suna a kan wannan.

Ita kuma silef ta cikin gida, wadda aka haɗe ta da boris ta zagaye shaf a cikin giyabos, ba zaka ganta ba, bututunta kawai zaka gani ya leƙo da wurin bilidin a jikinsa. A sababbin motoci wurin sau da yawa na roba ne, wani da hannu ake juya shi rabin zagaye, wani kilif ake dannawa a ja bututun baya ɗan taki ɗaya. Duba littafin motarka kafin ka sa masa sifana, kuma ka bi ta da lallami, banda famfo da ƙarfi, don in robarta ta fashe sai an sauke giyabos kuma man yana iya jiƙa dis ya lalata shi.

In ka yi duk wannan mai ya fito garau amma ka taka kuloci a giya ka riƙe, bayan ɗan lokaci kaji mota ta fara ja da kanta, kuma babu yoyo a waje, to robar cikin masta ce take barin mai ya koma kofi ta baya, canji take so. In kuma matsalarka ita ce kana taka totur inji na ihu mota bata ƙara gudu, wannan dis ne ya cinye, bilidin bashi da abinda zai yi masa.

Tsohon man da ka tara ka rufe shi a gora ka rubuta a jiki, ka kai inda ake karɓar tsohon man mota, kar ka zuba a ƙasa ko magudanar ruwa, kar kuma ka barshi inda yara ko dabbobi zasu kai, guba ne. In ya shiga ido ka wanke da ruwa mai yawa na tsawon mintuna ka je asibiti. Sannan ka sa alama da alƙalamin maka a jikin kofi daidai inda man ya tsaya, ka riƙa dubawa kowace safiya har sati guda kafin ka tada mota, ka kuma shafa ƙasan silef da bayan feda da farar takarda, in layin ya sauka ko takardar ta jiƙe to akwai yoyon da ya ɓoye maka a dubawar farko.